Zumunci, Sana'a da Baje Koli a Ƙungiyar SCA: Nazari kan Masu Raya Tarihin Zamanin Tsakiya

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan tarihi da al'adun gargajiya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda aka fi sani da SCA, ƙungiyar da mambobinta ke raya rayuwar mutanen da suka gabaci shekarar 1600 ta hanyar sutura, girki, ƙira, saƙa da wasan yaƙi. Hujjar takardar ita ce, sana'ar hannu ce igiyar da ta ɗaure zumuncin 'yan ƙungiyar, domin iliminta daga hannu zuwa hannu yake wucewa, kuma yawancin abin da aka ƙera kyauta ake bayar da shi. Takardar ta kuma nuna cewa a wajen baje koli ga jama'a ne wannan zumunci ke fuskantar jarrabawa, saboda karar da ake yi wa aboki tana iya rufe bakin mai faɗin gaskiyar tarihi.

1.0 Gabatarwa



Ranar 1 ga Mayu, 1966, wata ɗalibar nazarin Zamanin Tsakiya mai suna Diana Paxson ta gayyaci abokanta zuwa bayan gidanta a Berkeley, jihar Kalifoniya ta Amurka, domin su yi gasar barade irin ta dā. Suka zo da tufafin da suka harhaɗa, suka gwabza da makaman katako, da aka tashi kuma suka yi jerin gwano a titin Telegraph suna waƙa. Da za su sake haɗuwa a filin shaƙatawa na hukuma, sai aka nemi sunan ƙungiya a takardar neman izini, marubuciya Marion Zimmer Bradley ta laƙaba musu sunan da suke amsawa har yau. An yi wa ƙungiyar rajista a 1968 a matsayin ƙungiyar ilimi da ba ta neman riba. A yau ta kasa duniya zuwa masarautu 20. Ta Yamma ce uwa, ta Gabas ta biyo a 1968, ta Tsakiya a 1969. Masarautar Drachenwald ta ƙunshi Turai da Gabas ta Tsakiya da Afirka, ta Lochac kuma Ostireliya da Niyuzilan.

Abin da na kira Zamanin Tsakiya shi ne tsakanin ƙarni na 5 da na 15 a tarihin Turai, kodayake SCA ta ja iyakarta zuwa ƙarshen ƙarni na 16, kuma ta buɗe ƙofa ga al'adun wasu sassan duniya na wancan lokaci. Masana sun daɗe suna muhawara kan raya tarihi a aikace. R. G. Collingwood, a littafinsa na 1946, ya ce aikin masanin tarihi shi ne ya sake yin tunanin mutanen dā a cikin ƙwaƙwalwarsa. Masu raya tarihi sun ɗauke maganar daga ƙwaƙwalwa sun mayar da ita kafaɗa da tafin hannu. Jay Anderson a 1984 da Vanessa Agnew a 2004 sun yi rubutu kan wannan fage, Michael Cramer kuma ya keɓe wa SCA littafi guda a 2010, inda ya kalle ta da idon masanin wasan kwaikwayo. Ni ta ƙofar maƙera da ɗakin ɗinki zan shiga.

2.0 Faɗan da amana ke yanke wa hukunci

Wasan yaƙi shi ne abin da baƙo ke fara gani, don haka bari in fara sallamarsa. Takobin SCA na kwagiri ne, kaurinsa bai gaza inci ɗaya da kwata ba, an naɗe shi da tef. Kwalkwali na ƙarfe ne mai kauri, kuma ba a yarda a bar kafar da ta wuce inci ɗaya a fuskarsa ba, don kada sanda ta shiga. Akwai masu tsaron fili da ke duba kayan kowa kafin a fara, su kuma tsayar da wasa idan sun hango haɗari. Amma ba su ne ke cewa wane ya ci ba. Wanda aka buga shi ne zai ce bugun ya isa kisa ko bai isa ba. Idan a ƙafa aka same shi, sai ya durƙusa ya ci gaba da faɗa a kan gwiwa. Idan a hannu ne, ya mayar da hannun baya.

Da irin wannan faɗa ake samun sarki, a yawancin masarautu duk bayan wata shida, kuma mai shiga gasar yana yi ne da sunan wanda zai hau gadon tare da shi. Ke nan sarauta sukutum ta rataya a kan gaskiyar wanda aka doka. Mutumin da ya saba ƙin amsa bugu ba a rasa gane shi, kuma hukuncinsa mafi zafi shi ne a daina sha'awar karawa da shi. Tsari irin wannan ba ya tafiya sai tsakanin mutanen da suka san juna, suka kuma san gobe ma za su haɗu.

3.0 Zumunci a hannu yake

Bahaushe ya ce zumunci a ƙafa yake. A SCA zan ce a hannu yake, kuma a nan zan daɗe.

Sharaɗin shiga taron ƙungiyar ɗaya ne: mutum ya yi ƙoƙarin sa tufafin da suka yi kama da na kafin 1600. Wanda ba shi da su, kusan kowane reshe yana da akwatin kayan aro da jami'in tarbar baƙi. Rigar farko ta sabon shiga ta wani ce, ta biyu kuma galibi a falon wani ake yanka ta, a daren ɗinki da reshe ke shiryawa. Kafin ya mallaki komai ya riga ya ci bashin alheri. Jean Lave da Etienne Wenger, a 1991, sun bayyana yadda ɗan koyo ke farawa daga gefe da ƙananan ayyuka na gaske har ya kai tsakiyar sana'a. Duk wanda ya taɓa ganin yaron maƙera yana zuga kafin a ba shi masaba ya riga ya san wannan ka'ida tun kafin a rubuta ta.

Mu ɗauki sulke. Rigar sulke ɗaya tana cin zobba 20,000 ko fiye. Ana naɗa waya a jikin sanda, a yanka ta zobe-zobe, a dandaƙe bakin kowane, a huda, a sarƙa shi cikin huɗu, sannan a ɗaure da 'yar ƙusa. Sabon shiga yakan fara da zobban da aka haɗa baki kawai ba ƙusa, masu saurin buɗewa. Littafi zai gaya maka matakan nan duka. Ba zai gaya maka ƙarfin bugun da zai dandaƙe bakin zobe bai tsaga shi ba, ko yadda ake ƙara zobba a hammata don hannu ya ɗagu. Wannan shi ne ilimin da Michael Polanyi ya tattauna a 1966, wanda mutum ya sani amma bakinsa ba ya iya ƙare bayaninsa. Sai an zauna kusa da wanda ya iya, watanni, ana aiki ana hira. A cikin watannin nan ne ake sanin sunan 'ya'yan juna da ciwon da ke damun mahaifiyar wane.

A nan akwai alaƙa ta gaske da ƙasarmu, kuma ba zan wuce ta ba. Sulken da Bature ɗan SCA ke wahalar farfaɗowa daga hotunan gidan tarihi, a Kano da Katsina da Zazzau ana sa shi duk hawan salla, tare da lifidi da kwalkwali. A. J. Arkell ya rubuta yadda ake ƙera sulke a Omdurman ta Sudan a 1956, A. D. H. Bivar kuma ya yi nazarin sulkunan arewacin Nijeriya a littafinsa na 1964. Sai dai kada mu haɗa su a kwando ɗaya. Hawan salla, wanda UNESCO ta sanya na Kano cikin jerin al'adun duniya a Disambar 2024, mubaya'a ce ga sarki mai rai a kan gadon da bai yanke ba. Ɗan sulken Sarkin Kano gadon gidansu yake sawa, ɗan SCA kuwa abin da ya ɓace ƙarnoni yake lalube.

Laluben nan yana da madogara. A 1361 sojojin Sarki Valdemar na Denmak suka karkashe manoman tsibirin Gotland a bakin ganuwar Visby, aka binne da yawansu da kayan yaƙinsu a jiki. Da aka tono kaburburan a farkon ƙarni na 20, an sami ƙasusuwan mutum fiye da 1,000 da rigunan faranta na ƙarfe, Bengt Thordeman ya wallafa bayaninsu a 1939. Har yau maƙeran ƙungiyar daga zanensa suke yanka tsarin irin wannan riga. Maɗinka kuma suna komawa ga tufafin da Poul Nørlund ya haƙo a maƙabartar Herjolfsnes ta Girinlan a 1921, domin su ga yadda ake saka ƙunduna a faɗaɗa gindin riga. Masu girki suna da littafin masu dafa wa Sarki Richard na Biyu abinci, na wajen 1390, da littafin girkin Albagadadi na 1226 wanda A. J. Arberry ya fassara a 1939. Waɗannan littattafai ba kasafai suke faɗin awo ko tsawon dahuwa ba. Dole a gwada, a ɗanɗana wa abokai, a sake. Masanin tattalin arziki David Friedman, wanda a ƙungiyar ake kira Cariadoc, ya ɗauki matsayin Musulmin Magrib na wajen 1100, kuma shi da matarsa Elizabeth Cook sun shafe shekaru suna gwada irin waɗannan girke-girke suna rubuta awon da ya yi daidai domin masu zuwa.

Ƙungiyar ta ba wannan koyo da koyarwa suna da alama. Manyan lambobin girmanta sun haɗa da ta barade, masu ɗaura farin ɗamara. Ta Laurel, ta gwanayen sana'a da fasaha. Ta Pelican, ta masu hidima. Da wadda aka ƙaro a 2015 domin gwanayen siririn takobi. Bisa al'ada yaron barde yana ɗaura jan ɗamara, almajirin gwanin sana'a kore, na mai hidima rawaya. Abin lura shi ne, iya sana'a kaɗai ba ya sa a shigar da mutum cikin Laurel. Ana duba ko yana koyarwa, ana duba halinsa, kuma sarki sai ya ji shawarar waɗanda suka riga shi shiga. Gwanin da ya ƙulle iliminsa a ɗaki zai daɗe yana jira.

Sai kyauta. Idan sarki ya ba mutum lambar yabo a fada, sankira ya karanta, ana miƙa masa takardar shaida da aka rubuta da hannu aka yi mata zayyana. Wani lokaci a kan fatar maraƙi, da alƙalamin gashin dinya, da tawadar da aka haɗa da ƙullutun itacen oak da sinadarin ƙarfe da ƙaro. Mai zayyanar yakan kwashe sa'o'i masu yawa a kanta, ba a biyansa ko sisi, kuma sau da yawa bai taɓa ganin mai karɓar ba. Haka masu saƙa da dukawa da masu kyandir ke tara ƙananan kaya su ba sarki domin ya rarraba wa baƙi da yara. Marcel Mauss ya nuna tun 1925 cewa kyauta tana ɗora nauyi uku: bayarwa, karɓa da ramawa. Wanda ya rataye irin wannan takarda a bangon ɗakinsa ya san aikin wani ne ya tsaya a kai, kuma hanyar ramawa ɗaya ce, shi ma ya yi wa wani. Ina ganin wannan ne asirin daɗewar ƙungiyar. A shekarar 2000 Robert Putnam ya koka kan yadda Amurkawa ke janyewa daga ƙungiyoyin unguwa da na sa kai. SCA ta ba mutanen da ke wuni gaban kwamfuta dalilin buƙatar juna: mai sulke yana buƙatar mai ɗinka masa rigar ciki mai auduga, mai ɗinki yana buƙatar marini, marini yana buƙatar mai noma masa ganyen woad, wanda shuninsa ɗaya ne da na babanmu na karofi.

Wurin da ake ganin wannan duka a dunƙule shi ne Yaƙin Pennsic, wanda aka fara a 1972 tsakanin masarautar Gabas da ta Tsakiya, kuma tun 1977 ake yinsa a sansanin Cooper's Lake a jihar Fensilbaniya. Mutum wajen 10,000 ke kafa tantuna na mako biyu, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Sunansa yaƙi, amma ɗaruruwan darussa ake bayarwa a cikinsa, malaman kuma 'yan sa kai ne. Ana sauka gida-gida, kuma gida a bakinsu yana nufin abokan da suka zaɓi su ci daga tukunya ɗaya, ko da ba dangin juna ba ne. Annobar korona ta hana taron a 2020 da 2021, shi ya sa na 50 ya faɗo a 2023.

4.0 Baje koli

Taron ƙungiyar na 'yan ƙungiya ne, kowa ɗan wasa ne, babu ɗan kallo. Baje koli, wanda suke kira demo, shi ne lokacin da suke fita makarantu, ɗakunan karatu, bukukuwan gari da filayen shaƙatawa domin nuna wa jama'a. Da shi suke sauke nauyin rajistarsu ta ƙungiyar ilimi, da shi kuma suke samun sababbin mambobi.

Ƙarar sanda a kan garkuwa ce ke tara mutane, wannan ba musu. Amma a ganina koyarwar gaske a teburin sana'a take. Yaron da aka ɗora wa sulke a kafaɗa, ko yarinyar da aka ba mazari ta yi minti biyar zaren yana tsinkewa, sun fahimci dalilin da ya sa riga ta zama abin da ake rubutawa cikin wasiyya a wancan zamani. Gani ya kori ji, taɓawa kuma ta kori gani. A wannan tebur ne ake warware ƙarairayin da fim ya shuka: cewa takobi ya fi ƙarfin ɗagawa, alhali yawanci kilo ɗaya ne zuwa ɗaya da rabi; cewa sai da ƙugiya ake ɗora barde a kan doki, kamar yadda fim ɗin Laurence Olivier na 1944 ya nuna; cewa mayaƙan Viking suna sa kwalkwali mai ƙaho, hoton da kayan wasan Wagner na 1876 suka taimaka wajen yaɗawa. Masana kimiyya ma sun amfana da masu irin wannan nuni. A binciken da Graham Askew da abokan aikinsa suka wallafa a 2011, ma'aikatan nuni na gidan tarihin makamai na Royal Armouries da ke Leeds ne suka sa kayan ƙarfe irin na ƙarni na 15 suka hau injin tafiya, aka gano cewa tafiya a cikinsu tana cin ƙarfin da ya ninka na tafiya haka sau biyu da 'yan kai.

To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sassaucin da ya sa ƙungiyar ta zama mai daɗin shiga shi ne rauninta a gaban jama'a. A cikin gida akwai al'adar cewa idan kaya sun yi kama daga nisan ƙafa goma, sun wadatar, kuma gyara wa mutum tufafinsa ba tare da ya tambaya ba rashin ladabi ne. Wannan kara ce, kuma ina girmama ta, domin ita ke hana sabon shiga gudu. Sai dai ɗan firamare ba ya da hanyar bambance rigar ulu da aka ɗinka bisa tsarin Herjolfsnes da rigar leda mai zif a ɓoye, ko ya san cewa mutum na ƙarni na 9 da na ƙarni na 16 da ke tsaye tare a gabansa tazarar da ke tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninmu da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa. Ƙungiyar Regia Anglorum ta Ingila, wadda aka kafa a 1986, ta bi wata hanya: tana da jami'an tantance kaya, kuma abin da bai cika sharaɗi ba ba ya fita gaban jama'a. Sun sayi inganci da tsadar shiga. SCA ba ta buƙatar zama Regia, amma tana iya ware baje koli da tsauraran sharuɗɗa, a kuma buɗe shi da gaya wa 'yan kallo ƙarara abin da yake tarihi da abin da yake dokar wasa, kamar kwagiri da samun sarauta ta hanyar gasa, wanda babu masarautar Turai da ta yi haka.

Akwai kuma abin da ba a nunawa. A SCA ana ɗaukar kowa a matsayin ɗan babban gida, alhali mafi yawan mutanen wancan zamani manoma ne, da yawa a ɗaure da gonar ubangida. 'Yan ƙungiyar da kansu sukan ce suna raya zamanin ne yadda ya kamata a ce ya kasance, ba annobar 1347 zuwa 1351, ba bauta, ba korar Yahudawa daga Ingila a 1290. Don hutun ƙarshen mako tsakanin abokai wannan ba laifi. A aji kuwa, shiru a kan waɗannan abubuwa shi ma darasi ne, kuma gurguwar fahimta yake bari. Masu sana'a ne suka fi kowa damar cike giɓin, domin mazari da maƙera da tukunya kayan talaka ne, kuma mai riƙe da su yana iya ba da labarin wanda ya yi aikin, ba wanda ya sa kayan kaɗai ba.

Batun ya ƙara nauyi bayan Agustan 2017, lokacin da masu aƙidar fifita farar fata suka yi gangami a Charlottesville ɗauke da garkuwoyi masu alamun Zamanin Tsakiya. Watanni kaɗan bayan haka, a Janairun 2018, sarki da sarauniyar masarautar Caid, wadda ta ƙunshi kudancin Kalifoniya, suka bayyana a bikin naɗinsu da tufafin da aka yi wa gefe da saƙa mai ɗauke da alamar suwastika. Alamar ta girmi 'yan Nazi da dubban shekaru, kuma tana jikin tsofaffin saƙe-saƙen arewacin Turai, irin wanda aka tono a Snartemo ta ƙasar Norwe, na wajen shekara ta 500. Masu kāre su da wannan suka kafa hujja. Amma hotunan sun fita intanet, mambobi da yawa, ciki har da Yahudawa, suka nuna ɓacin ransu, sarkin da sarauniyar suka nemi gafara suka sauka daga gadon.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan lamari shi ne tsawon hanyar da kayan suka bi kafin ranar naɗi. Saƙar alluna, irin wadda aka yi gefen tufafin da ita, aiki ne mai cin lokaci: a zaɓi zane, a ja zare, a juya alluna layi bayan layi, sannan a ɗinka a jikin riga, a gwada. Kayan naɗin sarauta kuma ba a ɓoye ake yinsu ba, hannaye da idanu da yawa suke ratsawa. A irin wannan doguwar hanya akwai wurare da dama da aboki zai iya cewa a dakata, kamar yadda dokar fili ta ba kowa, har wanda ke tsaye a gefe, ikon ɗaga murya ya tsayar da faɗa idan ya ga madaurin kwalkwali ya tsinke. Ƙungiyar ta koya wa mambobinta wannan tsawa a fagen yaƙi tun ranar farko, kuma ba wanda ke jin haushin wanda ya yi ta. Shawarata ga gwanayen Laurel da masu shirya baje koli ita ce su kai irin wannan izini ɗakin ɗinki: kafin kowane kaya ya fita gaban makaranta ko fada, a shimfiɗa shi gaban mutum biyu, ɗaya ya duba madogararsa a tarihi, ɗaya ya duba abin da baƙon da bai san komai ba zai karanta a jikinsa, kuma almajiri mai koren ɗamara ya sami damar magana kafin malaminsa.